Riga Mai Aljihu Tara

Duk wanda ya san Tela a layin nan ya san hannunta ba ya karkacewa. Shekara ashirin da biyu tana kan keken ɗinki a ɗan shagonta da ke jikin kantin magani, ba a taɓa dawo mata da riga ba. Abin da 'yan layin ba su sani ba shi ne ƙwayar da take sha kowace safiya, da akwatin da ke ƙarƙashin teburin yanka.

Ciwon ƙwaƙwalwa gare ta, kuma gado ta yi wajen mahaifinta. In zai tashi, barci ne ke fara ƙaurace mata, sai hannu ya ƙi tsayawa, ta yi ta ɗinka aljihu inda babu mai nema. Irin waɗannan rigunan take ɓoyewa a akwatin.

Da 'yarta Auta ta cika sha biyar, likita ya ce lokacin gaya wa yarinyar ya yi. Wata uku Tela tana jan ƙafa. Matar da ke wanke dillalin yadi tas a gaban jama'a, ga ta tana tsoron 'yar cikinta. Fargabarta ɗaya ce, kada yarinyar ta koma kallonta kamar baƙuwa, ta kuma tsani jinin jikinta.

Wata Asabar da hantsi ta kira Auta, ta jawo akwatin, ta shimfiɗa wata riga mai aljihu tara. Ta yi mata bayani: ciwon yana bin jini, amma ba dole ya kama kowa ba, kuma yana da magani.

Auta ta shafa rigar, ta ce ai ta gane ta, ta shekarar da take aji uku ce.

"Mama, wa kike zato yake kiran Gwaggo duk ran da ta zo ta kai ki asibiti? Da na ga aljihu na uku nake rugawa in faɗa mata."

Tela ta zauna daɓas a kan tulin yadi. Shekara bakwai tana gode wa Allah da ya ba ta ƙanwar miji mai saurin ganewa, ashe 'yar shekara takwas ce ke ƙirga mata aljihu. Mamaki ya kama ta har ta ji nauyin yarinyar.

Auta ta ninke rigar a hankali.

"Ni ba na ɗinki, Mama. In nawa ya zo, a ina za ki gani?"

Tela ta jawo kujera kusa da keken, ta ce wa Auta ta zauna ta gaya mata yaya barcinta yake kwanan nan.