Na'urar da Kawu Tsaya-Haka ya adana

Ina 'yar shekara shida na fara jin sunan. Inna tana ɗaura mini ɗankwali ta ce, "Yi sauri, Tsaya-Haka ba ya jiran kowa." Sai da muka isa shagon hoto na gane ashe ƙaninta ne. Duk wanda ya zauna gaban labulen nan mai zanen teku, sai Kawu ya ɗaga masa haɓa da yatsa ɗaya ya ce, "Tsaya haka." Sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Shekara ashirin da biyu ya yi a shagon. Duk hotunan gidanmu da nake ajiye da su shi ya ɗauka, shi ya sa babu fuskarsa ko a ɗaya. Da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, ciniki ya ja baya. Ya ci bashin banki ya sayi injin buga hoto ko za a farfaɗo, suka haɗa masa da na'urar karɓar kuɗi ta kati. Shekara ba ta zagayo ba ya rufe shago.

Ya sayar da injin ya rage bashin, saura kaɗan. Kyamararsa ta farko kaɗai ya hana, yana cewa da ita zai riƙa bin gidajen biki ya ci abinci. Na'urar banki kuwa ya goge ta, ya naɗe a tawul, ya sa a ƙasan akwati. A ganinsa amana ce, ranar da masu ita suka zo su same ta lafiya. Bai san haya ake lissafa masa duk wata ba. Asusun shagon ma yana buɗe. Shi ya ɗauka kwaɗon da ya danna wa ƙofa ya rufe komai.

Idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa saƙonnin bankin a wayarsa. Kuɗin kula da asusu, hayar na'ura, tarar jinkiri, ruwa a kan tarar, har kuɗin saƙon da suke aiko masa.

"Uwata, maimaita," ya ce, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Wace kula suke yi da asusun da babu ko sisi?"

"Haka suka rubuta, Kawu."

"To ni ma su biya ni ladan reno. Wata goma sha huɗu ko ƙura ba ta taɓa 'yarsu ba."

Shi kaɗai ya yi dariyar.

Na raka shi banki. Ya warware tawul ɗin a hankali a kan teburin wata ma'aikaciya. Ma'aikaciyar ta karɓi na'urar, ko dubawa ba ta yi ba, ta cilla cikin kwali.

"Baba, ba a rufe asusun da ake bi bashi. Sai ka biya tukuna."

"In ban samu ba fa, 'yata?"

"Zai yi ta hawa."

Ya ninke tawul ɗin gida huɗu, muka fito.

Sati biyu bayan nan ya sayar da kyamarar. Kuɗin ya share tara, bai taɓa uwar bashin ba. Wata na kamawa saƙo ya sake shigowa. Daga nan ya daina tambayata abin da suka rubuta, ya daina fita, sai zaman tabarma yana kallon bango. Bara ya rasu. Wayarsa tana wurina, har yau saƙon yana zuwa, ni kuma na kasa daina karantawa.

Hotonsa ba ni da shi. Mai askin da ya kama shagon ya shafe allon sunan da fenti tun Kawu na raye, ni ina ta cewa sai gobe. Ranar da muka dawo daga sayar da kyamarar ne Kawu ya tsaya a ƙofar shagon, ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce:

"Uwata, wata rana ki ɗauke ni a nan da wayar taki, kafin su goge sunan. Amma ba yau ba, rigar nan ta yamutse."