Sunan Da Kakata Ta Ƙi Faɗa

Ko yau na ji warin kananzir sai kakata ta faɗo mini a rai, tana zaune bakin ƙofa tana goge wata tsohuwar fitila mai gilashi ja da kore. Ba a kunna ta. Ta mijinta ce, kakana na wajen uwa, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna daga wani ƙauye a ƙasar Kano. Ban tashi na gan shi ba, mahaifiyata kuma ta rasu ina goye. A unguwa Mai Fitila kawai ake ce masa.

Wata damina, ina aji huɗu, 'yan talbijin suka zo neman tsofaffin da layin dogo ya kawo. Suka cika mana tsakar gida da wayoyi, har kaji suka rasa wurin kiwo. Kakata ta zuba labari tiryan-tiryan, yadda suka sauka da tabarma ɗaya, aka tarbe su da doya, ita ko ba ta san ta inda ake fara dafa ta ba.

Sai mai tambayar, wata budurwa 'yar kudancin Kaduna, ta ce, "Mama, mene ne sunan mijinka?"

Kakata ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke 'yar nan, a gidanku haka ake yi?"

Matan gidan suka kwashe da dariya, har da ni, shashasha. Ka san matan zamaninsu ba sa kama sunan miji. Aka yi juyin duniya ta ƙi. Fitilar dai da suka roƙa a kai ɗakin tarihi, ta ba su.

Ni da nake kwana a bayanta ban taɓa tambaya ba, na ɗauka suna ba ya ɓata. Bayan rasuwarta na bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi dai Mai Fitila ya sani. Wannan sakaci yana ci mini rai har yau.

Bara na kai 'yata ta ga fitilar. Tana cikin akwatin gilashi, an rubuta a gabanta: fitilar wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Na ce wa mai kula da wurin ta kakana ce. Ya yi murna, ya miƙo mini biro.

"Hajiya, rubuta mana sunansa mu gyara takardar."

Na karɓa. Shi yana jira, 'yata tana kallona. Sai na mayar masa da bironsa.