Jakar da Na Ba Ajiya a Jirgin Fito

Har gobe ba na mantawa da safiyar Talatar da na ba wata mata ajiyar jakar aikina a cikin jirgin ruwa a New York, ban ko tambayi sunanta ba. Na san kuna cewa Anti Sa'a ta cika tsanani a kan fayil ɗin marasa lafiya, ina jin ku sarai idan na ba da baya. To ku zauna ku ji inda tsananin ya samo asali.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin gashin ƙashi, aka tura ni sanin makamar aiki na wata shida a wata cibiya kusa da Fordham Road, a Bronx. Ɗalibi ba ya taɓa marar lafiya sai da mai lasisi a tsaye a kansa, kuma wadda aka haɗa ni da ita Madam Rosa ce, gajeriyar mata marar yawan magana. Aikinmu bin gidajen masu shanyewar ɓarin jiki, muna motsa musu gaɓoɓi. Kowa da kwamfutar hannu ta cibiyar, cike da bayanan marasa lafiyarsa, har cututtukan da ba su shafi gashin ƙashi ba. Ana barinmu mu tafi da ita gida mu ƙarasa rahoto, amma ranar farko sai da na sa hannu a takarda: kwamfutar ba ta barin hannuna, idan kuma ta bari, ina da awa ɗaya in kira in faɗa. Wanda ya ɓoye, kora ce. Ni kuwa bizata a ɗaure take da wurin, korata na nufin in tattara in dawo gida hannu rabbana.

A Tompkinsville nake zaune, can tsibirin Staten, gidan wani aminin kawuna. Kullum bas nake hawa zuwa tashar jirgin fito, mu ƙetare ruwa cikin minti ashirin da biyar, sannan in gangara ƙarƙashin ƙasa in hau jirgi mai lamba huɗu har Bronx. Kusan awa biyu, zuwa kaɗai. Sanyin na saba da shi da ƙyar, amma shirun mutanen ne ya fi cin raina. Makon farko na gaida wata mata a jirgi, sai ta janye jakarta ta ƙanƙame. Daga ranar na kama bakina, ni da a gida ko mai sayar da kati ba na wucewa ban gaishe shi ba.

Ranar da nake ba ku labari ina mako na bakwai, cikin watan Nuwamba. Na cika cikina da shayi saboda sanyi, jirgin ƙarfe bakwai da kwata yana tashi fitsari ya matsa mini. Ga shi a aljihun gaban jakar da kwamfutar ke ciki akwai ƙaramin Alƙur'anin da nake karantawa a hanya, ban kuwa taɓa shiga banɗaki da shi ba. Ina ta mutsu-mutsu sai na ji matar da ke gefena, wata dattijuwa mai ƙaton mayafi a kan rigar sanyi, tana waya da Hausar Zango irin ta mutanen Gana. Wallahi ji na yi kamar an buɗe mini ƙofar gidanmu.

Tana ajiye wayar na ce, "Ina kwana, Hajiya? Don Allah ga jakata, zan zaga."

Ta ce, "Ei, 'yar Najeriya ne! Tafi, ɗiyana, ina nan."

Kamar dai a tashar mota, ka bar wa na kusa da kai kayanka ka je salla. Ban ji na yi wani abu ba. Bakwai da minti ashirin da biyar ke nan.

Layi na tarar a banɗakin. Kafin in fito jirgi ya tsaya, kuma dokarsu kowa sai ya sauka, ba a barin mutum ko ɗaya a ciki. Na kutsa ta cikin mutanen da ke fita, na isa kujerarmu: wayam. Ba Hajiya, ba jaka. Wani ma'aikaci yana ta ɗaga mini hannu in fita, ina ce masa jakata, yana ce mini ofishin kayan tsintuwa.

Jirgin hawa-hawa ne, ƙofofin fita ba ɗaya ba, jama'a kuma kamar an tashi daga Idi. Na hau sama na sauko ƙasa, duk mai mayafi sai na leƙa fuskarta. A ofishin tsintuwa aka ce ba a kawo komai ba. Wani ɗan sanda mai kare ya tambaye ni sunan matar, na ce ban sani ba. Lambarta? Ban sani ba. Kallon da ya yi mini ya ishe ni amsa.

Ƙarfe takwas ina tsaye a bakin tasha, waya a hannu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na shirya cewa ƙwace aka yi. Wanda aka yi wa ƙwace tausayinsa ake ji, wanda ya miƙa da hannunsa kuwa sakarai ne. Har na tsara kamannin ɓarawon a raina. Sai na tuna ko'ina a tashar nan kamara ce, kuma tsoron kamarar ne ya fara hana ni kafin tsoron Allah ya zo, wannan ma gaskiya ce. Takwas da kwata na kira Madam Rosa.

Ta ce, "Ƙwace aka yi?"

Na ce, "A'a, ni na ba ta."

"Kin san ta?"

"A'a."

"To me ya sa?"

Na ce, "Na ji tana yarenmu."

Sai ta ce za ta sa a kulle kwamfutar daga ofis, ta soke ziyarar safe, ni kuma in taho kai tsaye.

Ban taɓa jin tsawon hanyar Bronx irin na ranar ba. Duk tashar da muka tsaya sai in ga fuskar mahaifina a filin jirgi, in rasa da bakin da zan gaya masa abin da ya dawo da ni. Tara da minti ashirin na sha kwanar cibiyar, sai ga Hajiya a tsaye a bakin ƙofa cikin iskar nan, ta rungume jakata a ƙirji.

Ta ce, "Ɗiyana, ina ki shiga? Na jira, na jira, ɗan sanda yana ta kallona da jaka biyu. Sai na ga adireshi a jikinshi, na ce bari in kawo." Sunanta Memuna, mutuniyar Kumasi, aikin kula da tsofaffi take yi, kuma ta bar tsohuwar da take dubawa tana jira don ta kawo mini amanata. Ta rage murya ta ce, "Ni ma na san dokan. Shi ya sa ban kira lamban ofis ba. Karɓi ki shiga, ba wanda ya sani."

Na ce, "Hajiya, na riga na faɗa."

Ta dafe ƙirji. "Ei! Ke da bakinki?"

A lokacin ni ma haushin bakin nawa na ji.

Ranar Alhamis na zauna gaban kwamiti: Madam Rosa, jami'in kare sirrin marasa lafiya, da mai kula da ɗalibai. Masu kwamfuta sun tabbatar ba a buɗe ta ba. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka karɓe kwamfutar na mako uku, aka ce in ci gaba da aiki tunda na kira cikin awar, saura minti goma. Amma cibiyar ta aika wa duk marasa lafiyar da ke ciki wasiƙa cewa bayanansu sun bar hannun ma'aikaci na kusan awa biyu. Ni dai na fito ina hamdala, na ɗauka magana ta ƙare.

Mako na gaba muka je unguwar Morrisania wurin Malam Isufu, wani dattijo mutumin Maraɗi da hannunsa na dama ya shanye. Shi ne wanda na fi shaƙuwa da shi, yana ce mini 'yar Kano, muna tsokanar juna Madam Rosa tana kallonmu. A fayil ɗinsa akwai wata cuta da ko 'ya'yansa bai gaya wa ba, ku ma ba zan gaya muku ba. Muka same shi da wasiƙar a cinya.

Ya ce, "An ce dosiyena, takardun ciwona, ya fita hannun likita. Wa kika ba?"

Don in kwantar masa da hankali na ce, "Baba, ba a buɗe ba. Kuma wata Hajiya ce mutuniyar kirki, tamu ce, Hausa take ji."

Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Tamu? Da Bature ne ya tsinta, da na yi barci. Mu nan masallaci guda muke, suna guda muke zuwa, jana'iza guda. Sunana ɗaya ya isa." Na rantse masa, na ƙara rantsewa. Ya ce ya yarda ba ta buɗe ba, amma ni da na miƙa, ban san haka ba lokacin da na miƙa. Daga nan ya juya ga Madam Rosa, cikin Turancinsa mai haɗe da Faransanci, ya roƙi a kawo masa wata ɗalibar.

A mota na yi kukan da ban yi a gaban kwamiti ba. Hajiya Memuna ta riƙe amana fiye da yadda na riƙe, har yau muna gaisawa. Amma abin da na ba ta ajiya ba nawa ba ne, sirrin mutane ne da suka ba mu don ba su da yadda za su yi. Shi ya sa jiya na ɗauke fayil ɗin da ɗayanku ya ba ɗan jinya ya riƙe masa don zai je salla, kuma gobe ma zan ɗauke.

Na cika wata shidana, na dawo da takardar shaida, tana nan rataye a ofishina. Na ji labarin hannun Malam Isufu ya warware har yana cin abinci da kansa. Bai sake yarda na taɓa shi ba.