Sanarwar Zaɓen da Na Ɗora da Hoto

Ni ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamarenmu ta Ƙofar Ran, ko da yake a aji biyar na yi sallama da boko, kuma ba malamin da ya yi kukan rabuwa. Furfura aka duba aka ba ni kujerar.

Da aka buɗe mana shafi a intanet, sai na kafa doka: kowace sanarwa a rubuta ta da hannu, in buga hatimi, a ɗauki hotonta a ɗora. Matar da ta gina shafin ta ce, "Baba, a buga da na'ura mana. Wayar makaho tana karanta masa rubutu da murya, amma ba ta karanta hoto."

Na ce, "'Yata, takardar da ba hatimi ai jita-jita ce." Har na waiga ina neman mai yaba mini.

Ina da aboki tun aji ɗaya, mutumin kudancin jiharmu, malamin makaranta mai ritaya da ciwon suga ya tafi da idanunsa. Ya shekara yana shirin takarar sakatare. Sai muka matso da zaɓen da mako guda, na ɗora sanarwa bisa dokata. Da bai zo ba, muka ce ya janye. Ƙanin matata ya ci.

Ranar da aka sa tun farko, sai ga abokin nawa an kawo shi a keke mai ƙafa uku daga unguwar Tirwun, riga ta sha guga. Ya tarar da makarantar da muke taro a kulle, ya biyo ni gida.

"Shugaba, ina jama'a?"

Na faɗa masa an riga an yi zaɓen. Ya zaro waya ya buɗe shafin, ta yi ta nanata kalma guda da Turanci.

"Ka ji? Hoto take cewa. Kullum da safe sai na duba. In don surukinka ne, ai da ka gaya mini na zauna a gida."

Na shiga rantsuwa. Ya ɗaga hannu. "Bar shi, na yarda. Ba ka da kan ƙulla makirci, tun muna yara."

Na yi dariya, shi bai yi ba.

An gyara shafin a makon. Na nemi a sake zaɓe, ya aiko cewa kada a tada mutane saboda shi. Muna gaisawa a waya har yau, amma bai sake zuwa taronmu ba.