Yumɓu a Kan Ƙwaurina

'Yan'uwa, na daɗe ina rufe wannan labari kamar garwashi a cikin toka. Jiya 'yata ta nuna mini na'urar da ke haɗa hoton zafin jiki da hoton ƙashi, ta fito da gaɓar mutum a allo, ana juya ta ta kowane gefe. Sai tokar ta yaye.

Ina saurayi a Kafanchan, zamanin da kukan jirgin ƙasa ke tashinmu da safe, ƙwaurina na hagu ya fara zogi. Zazzaɓi ya biyo baya. Ƙafa ta kumbura har wando ya ƙi shiga.

A asibiti aka ɗauki hoto, gaba da gefe. Ƙashi ya nuna dishi-dishi, ya ƙi faɗin inda mugunya ta taru. Na ji ana raɗe-raɗin yanke ƙafar daga gwiwa. Baba ya sayar da cittarsa tun ba ta bushe ba. Ni kuwa na dubi yatsun ƙafata, ina yi musu ban kwana.

Likitanmu, dattijo mai barkwanci, ya ce wa mahaifiyata, "Mama, a samo mini yumɓu."

"Likita, tukunya za ka gina da ɗana?"

"Wannan dogon? Ai sai randa."

Ya shafe ƙwaurin da ɗanyen yumɓu, muka zuba ido. Wuri guda, faɗin kwabo, ya riga ko'ina bushewa: zafin ciwon ya tona kansa. Ya ɗaga hotunan ga hasken taga, ya mulmula ragowar yumɓun siffar ƙashina, ya soka tsinke a daidai wurin.

"Nan zan shiga. Ban yi alkawari ba, amma zarto ya jira."

Aka tura ni tiyata, matan zumuntar cocinmu na waƙa a baranda.

Da na farfaɗo, na kasa duba ƙafar. "Mama, tana nan?"

Ta mintsini babban yatsana. Na yi ihu, ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ƙasa ce asalina, ƙasa ta nuna cutata,
Wanda ya gina ni bai manta ba da ƙafata.

Wankin ciwo, allurai da sanda suka cinye mini damina guda. Na gode wa Ubangiji, da iyayena, da dattijon nan da ya riga mu gidan gaskiya.

Kada kowa ya shafa laka a gida. Kumburi mai zafi da zazzaɓi, a garzaya asibiti. In kuwa aka ambaci yanka, kada kunya ta hana ku cewa, "Likita, nuna mini wurin tukuna."