Hula Mai Sawun Balbela

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana son ruwa sai ya ce, "Wa ke kusa?" ko da ni kaɗai ce a tsakar gida. Idan zai yi maganata da Inna, "waccan" yake cewa. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma a nono ya sha ta. Mahaifiyarsa, da muke kira Dada, Bafulatana ce da ke zaune a Katagum, ita ma har yau ba ta faɗin sunansa, domin shi ne ɗanta na fari. Ƙannena suna hawa cinyarsa su ja masa gemu. Ni kuwa daga bakin ƙofa nake gaishe shi, ya amsa yana murɗa rediyo.

Ban taso da yawan magana ba. A makarantarmu ta 'yan mata a Azare, kujerata tana can baya kusa da taga, kuma akwai malaman da suka shekara suna koyar da mu ba su san muryata ba. Abubuwan da ke faranta mini rai ƙanana ne. Awara mai zafi idan an fita hutun ƙarfe tara, wadda mai ya jiƙa takardarta har ana ganin yatsa ta ciki. Soyayyar fara da yaji. Sai kuma hanyar komawa gida, domin nakan bar hanyar da ta fi kusa in bi ta layin masu wankin hula. A can ake jera huluna a rana, kowace an kafa ta a kan gungumen itace, sun sha sitaci suna ƙyalli. Sai in rage tafiya kamar takalmina ne ya tsinke, ina kallon zanensu ɗaya bayan ɗaya.

A unguwarmu kusan kowace yarinya tana ɗinkin hula. Dillaliya ce ke kawo ƙyalle, wanda wani mai zane a kasuwa ya riga ya zana da biro da rula, mu kuma mu bi layinsa da allura. Maza ke zane, mata ke ɗinki, haka muka tarar. Ni dai bayan littattafaina duk zane ne, nawa na kaina, wanda ban nuna wa kowa ba. Burina in na gama sakandare in karanci zane a kwaleji, in zama mai fitar da sabon aiki, ba mai bin layin wani ba.

Baba kuwa ya riga ya yanke shawara. Wata rana ina tankaɗe na ji ya ce wa Inna, "Ki gaya wa waccan ta dage da kimiyya. Makarantar aikin lafiya za ta."

Taku uku ne tsakanina da shi. Na buɗe baki, na rufe, na ci gaba da tankaɗe. Tun da bakina ya ƙi, sai na ƙudura a raina zan ɗinka masa hula da zanena. Idan ya sa ta, mutane suka tambaya, ya ga abin da hannuna ke iya yi, a lokacin zan samu ƙarfin faɗa masa abin da nake so.

Zanen a Katagum na samo shi, lokacin hutu. Da hantsi nakan raka 'yan matan gidan Dada wanki bakin kogi. Shanu na saukowa shan ruwa, balbelu na bin su, kuma idan sun tashi sai su bar sawunsu a kan danshin yashi: yatsu uku a gaba, ɗaya a baya, wani na bin wani a karkace. Na tsuguna ina kwafa a bayan littafi har wankin ya ƙare ban matse ko ɗankwali ba.

"Ga kurmar Azare can tana karatun yashi," in ji Dada da aka kai mata labari. "Ke, in kin gama ki faɗa mana abin da tsuntsayen suka rubuto."

Da muka dawo Azare na auna tsohuwar hular Baba da zare a ɓoye, na zana ƙyallena da kaina. Na haƙura da awara da fara, kuɗin tara ya koma na zare. Wajen wata Madam nake saye, 'yar ƙabilar Ibo da ta daɗe a garin har Hausarta ta fi tawa gudu.

"Kwastoma, yau ma shuɗi? Wane saurayi ne wannan mai sa'a?"

"Ta Babana ce."

"Babanki? To Allah ya sa ya san wahalar ido."

Wata biyar na yi ina ɗinki, kullum bayan la'asar a gindin darbejiyar gidanmu. Ɗan yatsana ya yi kanta. Amma ban taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba. Allura ta shiga, ta fito, sawu ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, in shafa shi da babban yatsa in wuce na gaba. Saura sawu uku in gama zaren ya ƙare. Na koma wajen Madam, ta zazzage kwalayenta duka, ta ce irin wannan shuɗin ya yanke, sai wani mai ɗan duhu. Na karɓa ba don na so ba. Na yi ta jin haushin sawun nan uku, amma na lallashi kaina da cewa a ƙeya suke, ba mai lura.

Da na kai wanki, mai wankin ya juya hular a hannunsa ya daɗe yana kallo.

"'Yan mata, wa ya zana wannan?"

Ga mutane a zaune a benci, duk suka juyo. Na sunkuyar da kai.

"Wani ne," na ce.

Ban iya miƙa wa Baba da hannuna ba. Inna na ba wa, ta ɗora a kan kayansa da aka goge. Washegari za mu Katagum ɗaurin auren ɗan ƙanen Baba. Da safe ya fito cikin farar shadda, da hulata a kansa. Bai dube ni ba. Ya ce a yi sauri kada mota ta cika.

A motar ni ce a bayansa daidai. Tun daga tasha idona na kan sawun nan uku masu duhu. Sau biyu ya ɗaga hannu ya gyara mata zama. Da aka tsaya sauke wata mai ƙwaryar nono, na ga ya ɗan karkata ya leƙa madubin direba, ya yi sauri ya kau da kai. Gero ya yi kai a gonaki dama da hagu, iska na shigowa da ƙanshin ƙasa. A raina ina ta maimaita abin da zan faɗa masa idan mun dawo. Har na zaɓi lokacin, bayan ya ci tuwo, kafin ya kunna rediyo.

Bayan an shafa fatiha maza suka zauna cin abinci a ƙofar gida. Mu 'yan mata muna kai kwanuka zaure muna ajiyewa. Akwai wata 'yar tsaga a jikin ƙyauren, na tsaya a nan da tire a hannu. Kusa da Baba wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar hatsi, tare suka yi firamare. Na ga ya daina cin abinci yana kallon kan Baba.

"Malam, wannan hular fa? Na zaga har Maiduguri ban ga irin aikin nan ba. A ina ka samo?"

Na ƙara matsawa jikin tsagar.

"Ba wani abu ba ne, Alhaji. Aikin yara ne na cikin gida."

"Waɗanne yaran? Wannan ai hannun gwani ne."

"Yara dai," in ji Baba. Sai ya sa hannu biyu ya cire ta, ya miƙa masa. "Tunda ta yi maka, taka ce."

"Haba Malam, yabawa kawai na yi!"

"Ai ka riga ka yaba."

Sau biyu Alhaji ya ƙi, a na uku ya karɓa. Ya cire tasa ya kifa wa Baba, ya sa tawa, jama'a suka ɗauki "Ma sha Allah, kamar don kai aka yi." Aka yi dariya, aka ci gaba da cin shinkafa. Wata biyar ɗina ya sauya kai kafin miya ta huce.

Na ajiye tiren, na wuce ɗakin Dada na kwanta na juya wa ƙofa baya. Ta shigo ta same ni. Ashe Inna ta gaya mata komai.

"Ke kurma, tashi. Me kike so ya yi? Babban mutum ya yaba abu a gaban jama'a, ya riƙe kayansa kamar marowaci?"

"Ko da cewa ya yi ni na yi, Dada."

"Ya ce 'yarsa ta fari? Da bakinsa, a tsakiyar maza? Ai sai a ce ya taɓu. Ni na raine shi a haka, kuma da ya yi akasin haka, ni ce zan kasa fita gobe."

Ta dama mini fura da nono mai kauri, irin wadda na fi so, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ban ji ɗanɗanon komai ba. A hanyar komawa na sake zama a bayan Baba. Hular Alhaji ta yi masa yawa, tana sauko masa har kunne. Da muka isa gida ya ci tuwo, ya kunna rediyo, ni kuma na kwashe kwanuka.

Bayan 'yan watanni Alhajin ya shiga siyasa. Aka manna hotunansa a bangon shaguna da jikin Keke Napep, yana murmushi, da sawun balbeluna a goshinsa. Kullum sai na wuce su a hanyar makaranta. Wata rana na bi ta layin masu wanki, na ga huluna huɗu a jere a rana, dukansu zanena ne, ɗaya ja, ɗaya ruwan ƙasa. Ashe an kawo ta Alhaji wanki, mai zanen kasuwa ya are ta ya kwafe. A garinmu, sabon zane sunan babban mutumin da aka fara gani da shi yake ɗauka. Da sunan Alhajin ake kiran hular har yau. Na tsaya a gaban mai wankin nan da ya taɓa tambayata, ya ɗago ya ce, "'Yan mata, wanki ne?" Bai gane ni ba. Me zan ce masa? Ni da bakina na ce wani ne.

Ba a daɗe ba dillaliyarmu ta shigo gida da ƙullin ƙyallaye.

"Ga sabon yayi na kawo miki, ke da hannunki ke da kyau. Ki nutsu, zanen yana da wuya, ba kowa ke iya shi ba."

Na buɗe. An ja layukan da rula, sawun duk sun miƙe kamar sojoji, babu karkatar nan ta tsuntsu mai tafiya. A ƙeya an kewaye sawu uku da jan biro.

"Wannan fa, Hajiya?"

"Yauwa, gara da kika tambaya. Waɗannan ukun da zare mai duhu za ki yi su. Haka ta Alhajin take. Masu saye juya hular suke yi su duba, in babu su ce jabu ce. Kada ki yi mini gyara."

Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya, amma ba ta ɗago ba. Na ce, "To, Hajiya."

Ana saura mako biyu mu fara jarabawar fita, Baba ya dawo da yamma da wata takarda a hannu. Ina gindin darbejiya da ɗinkin dillaliya a cinyata. A kansa akwai sabuwar hula, shuɗiya, mai sawun balbela, ta kasuwa. Daga inda nake ina ganin ɗinkin ya yi sako-sako, zare har ya fara tashi a gefe. Ya ajiye takardar a bakin tabarmata. Fom ɗin makarantar aikin lafiya ne.

"A cike," ya ce.

Bai wuce ba. Ya tsaya ya fi yadda ya saba, yana kallon bishiyar. Sannan ya cire hular, ya juya ta, ya dubi ƙeyarta, ya ɗaga murya wajen Inna da ke madafa.

"Na zaga kasuwar nan kaf. Duk ba su kai ta farkon ba."

Abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan aikina, kuma ba ni ya faɗa wa ba. Maganar da na shirya tun a motar Katagum tana nan a bakina, ban manta ko kalma ɗaya ba. Taku biyu ne tsakaninmu. Na dubi ƙafafunsa, na dubi takardar. Ya jira kaɗan, ya mayar da hular kansa, ya shiga ɗaki. Na ji ya kunna rediyo.

Na cike fom ɗin da biron da nake zane da shi. Sannan na ɗauki allura na sauya zare, domin na iso wajen sawun nan uku.