Katin da Malama Rabi ta bar wa Malam

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama Rabi ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye gaban allo a Bungudu da alli a hannuna. Wayata ta yi ta ruri a cikin jaka har ɗalibai suka fara dariya. Da na ga sunan 'yarta Asma'u, na ce a raina shi ke nan, Malam Isyaku ya huta. Shekara shida mijin nata yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, kowa shi yake yi wa kallon mai tafiya.

Na ɗaga na ce, "Asma'u, Baba ne?"

Ta ce, "Ba Baba ba ne, Anti Luba. Inna ce. Ta hwaɗi tana ɗora ruwan wankan Baba. Kahin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa."

Ban san yadda na fita daga ajin ba. Na hau mota zuwa Gusau, na sake wata zuwa Tsafe, ko tunanin halin da hanyar take ciki ban yi ba. Kafin in iso an riga an kai ta. Yanzu la'asar ta wuce, ina zaune a barandar maƙwabciyarsu nake rubuta wannan, don idan ban fitar da abin da ke cina ba ban san yadda zan yi da kaina ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, shekara tara muka yi muna koyarwa tare a wata makarantar gwamnati a Tsafe kafin a yi mini canji. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ranar da na fara aiki, ina raɓe-raɓe a ƙofar ɗakin malamai, ita ce ta jawo kujera da ƙafa ta ce, "Zamna nan, ɗiyata, ba mu cizo."

Kullum da kwanon hoce da ƙuli take zuwa. Ta gutsura wa kowa, har maigadi sai an kai masa. Idan aka ce, "Malama, ke fa?" sai ta kaɗa hannu ta ce, "Ni na ci tun gida." Mun daɗe muna yarda.

Lokacin da na yi ɓari, sati uku tana ɗaukar ajina a kan nata. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa.

Da aka kawo tsarin inshorar lafiya na ma'aikatan gwamnati, ni aka ɗora wa cika fom ɗin malamai, wai ni ce mai ido da waya. Malama Rabi ta zo da hotonta da na Malam a ƙulle cikin leda. A lokacin Malam garau yake, yana shagonsa na ɗinki a bakin titi. Ta tambaye ni, "Wai wanga kati mi ne ne amfaninsa?" Na ce ana ɗan cire wani abu ne daga albashi duk wata, ranar da ciwo ya zo sai a duba ki ke da Malam. Iyakar bayanin da na yi mata ke nan. Akwai layi a bayanta, ni kuma ina sauri.

Ba a daɗe ba Malam ya faɗi a kan kekensa na ɗinki.

Kar in ci amanar gaskiya, katin ya yi rana. Ganin likita, gwaje-gwaje, kwanciyar asibiti a Gusau, maganin da yake sha duk wata, da yawa katin ne ya ɗauka. Ba don shi ba da tuni an sayar da gidan. Amma ranar da aka sallame su likita ya ce mata sauran aikin na gida ne, kuma a nan katin ya tsaya. Bai san da pampas ba. Bai san da kuɗin shatar mota daga Tsafe zuwa Gusau da mutumin da ba ya iya zama ba. Gashin da ake yi masa a asibiti ƙidayayye ne, yana ƙarewa aka ce sai dai daga aljihu. Mai juya shi, mai yi masa wanka, mai ba shi abinci a baki, wannan babu shi a cikin kowane fom.

Asma'u da mijinta suka ce bari a gwada inshorar 'yan kasuwa, ko za a samu wadda ke biyan nas ta riƙa zuwa gida. Ni na raka su wani ofis a Gusau. Ma'aikacin ya karɓe mu da fara'a, har da ruwan sanyi. Da ya ji shekarun Malam da irin ciwon, sai ya rufe fayil a hankali, ya ce ciwon da mutum ya riga ya zo da shi ba ya shiga, jinyar gida kuma ba ta cikin tsarinsu.

Da muka koma muka faɗa wa Malama, dariya ta yi. Ta ce, "Ashe masu lahiya kaɗai suke so. To Allah shi ba su lahiya su ma."

Daga nan ta zama nas ɗin da kanta. Sista Esta, maƙwabciyarsu da nake zaune a barandarta yanzu, nas ce da aiki ya kawo ta Tsafe tun da daɗewa. Ita ta koya mata yadda ake juya babban mutum da zani ba tare da an karya baya ba. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci sai ta leƙa ta duba shi, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Malama ta juya shi da asuba, ta tafi makaranta, ana tashi tara ta hau kabu-kabu ta je ta sake juya shi, ta dawo aji tana haki. Shekara shida a haka, ko gyambon kwanciya ɗaya bai taɓa fito wa Malam ba. Duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da nake nufi.

Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma ba ta son a ambaci zancen. Ta taɓa ce mini, "Ba hwansho nika tsoro ba, Luba. Ranar da albashi ya tsaya, katin Malam ya tsaya."

Yanzu ga abin da ke cina.

Sati uku da suka wuce na kai kaina asibiti a Gusau saboda ido. Ina fitowa na hange ta a layin karɓar magani, ta zo karɓar na Malam. Ta ɗaure goshi tamau da kallabi. Fuskarta ta yi suntum, ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin ya shige cikin nama. Muka rungume juna, ta fara tsokanata wai Bungudu ta karɓe ni, na yi wuya.

Na ce, "Malama, wannan kumburin fa? Ga ki a asibiti, ga katinki a jaka. Ki shiga a auna miki jini mana."

Ta ce, "A bar wa Malam."

Na ce, "A bar masa me?"

Ta matso kusa da kunnena kamar mai faɗin sirri. Ta ce, "Abin da aka cirewa ga albashina nawa ne? Malam shi kaɗai ya cinye hiye da haka. In ni ma na shiga ɗiba, wata rana mu zo a ce ya ƙare. Ni ɗiyar manomi ce, Luba. Can 'Yankuzo innarmu in damina ta yi nisa, ita ka auna hatsi daga rumbu, kuma ita ka cewa ta ƙoshi."

Kun san abin da na yi? Dariya na yi. Wallahi dariya na yi. Na ce, "Kai Malama, ke da tsumulmula, har da asibiti!" Na ɗauka irin barkwancinta ne. Maigidana yana waje yana danna mini hon. Na ce mata za mu yi waya. Ta cusa mini ƙullin ƙuli a jaka ta ce in kai wa yara.

Ban kira ba.

Ni ce na cika mata fom ɗin. Na sani sarai katin nan ba ya aiki haka. Nata daban, na Malam daban. Da za ta ga likita duk wata, ta karɓi maganin hawan jini, ko ƙwaya ɗaya ba za ta ragu daga na Malam ba. Maganar da ba ta fi minti biyu ba. Da na kama hannunta na ja ta zuwa ɗakin awo, da ta bi ni, don ba ta iya yi mini musu.

Ɗazu Sista Esta take gaya mini sau biyu tana auna ta a gida, jinin ya hau sosai, ta yi ta yi mata faɗa ta je ta ga likita. Sai ta ce to, ta ji. In kan ya matsa mata, ta sayi 'yan ƙwayoyi a kemis, ta jiƙa tafarnuwa. Sista ta ɗauka rashin lokaci ne. Asma'u ta ɗauka tana shan magani. Ni kaɗai ta faɗa wa ainihin dalilin, ni kuma na yi dariya.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban ja da hukuncin Allah ba. Don Allah kar a cika mini kwament da wannan, na sani. Amma zuciyata ba ta daina tafasa ba. Ina jin haushin kaina. Ina jin haushin yadda aka miƙa mana kati aka ce mu sa hannu, babu wanda ya zaunar da irin su Malama ya yi musu bayani da Hausar da za su gane. Ina kuma jin haushin tsarin da zai sayi magani amma bai san da hannun da ke ba da maganin ba, har hannun ya faɗi a gaban murhu.

Asma'u ta buɗe jakar Innarta a gabana tana neman takardu. Ga katunan biyu a leda ɗaya. Na Malam ya koɗe, gefensa ya lanƙwashe, hoton ma da ƙyar ake gane shi. Nata fes, kamar yau na miƙa mata.

Kuma ga Malam a ɗaki.

Yau da hidimar jana'iza babu wanda ya tuna da juya shi har azahar, sai da Sista ta shiga ta gani. Asma'u cikinta wata takwas, ɗaki ɗaya suke haya a Gusau. 'Yan'uwan Malam suna Wonaka, su ma ta kansu suke yi, gonar ma ba kullum take zuwuwa ba. Katinsa a ƙarƙashin sunan Malama yake. Na kira wani da na sani a ofishin inshorar, ya ce a kawo takardar shaidar rasuwa tukuna, amma in sani in albashi ya tsaya maganar lokaci ce kawai. Wata nawa, bai faɗa ba. Maganin da ta karɓo ranar da muka haɗu saura na 'yan kwanaki. Mata sun cika tsakar gida ana ta "ya haƙuri", amma babu wadda ta tambayi wa zai juya shi gobe idan an tashi tara. 

Na shiga gaishe shi. An faɗa masa, har ƙofar ɗakin aka kawo gawarta ya yi mata addu'a da ido kafin a fita da ita. Na durƙusa na ce, "Malam, ya haƙuri?" Bakinsa ya motsa, maganar ba ta fito ba. Asma'u tana ba shi kunu da cokali. Da aka kai rabi sai ya rufe baki, ya sa hannunsa mai lafiya ya ture kofin gefe.

Na ce, "Malam, daure ka ƙara kaɗan."

Asma'u ta fashe da kuka. Ta ce, "Bar shi, Anti. Haka yaka yi kullum, sai ya rage ma Inna rabi. Ya san in ta ce ta ci, ba ta ci ba."

Kofin yana nan a gefen katifa, an rufe shi da faifai. Babu wanda ya iya ɗauka.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Rabi'atu. Ka yafe mata kurakuranta, ka sa wahalar shekara shidan nan ta zame mata haske a kabari, ka ƙosar da ita a Aljanna, ita da ta ciyar da kowa ta bar kanta. Ka kawo wa Malam Isyaku hannun da zai riƙe shi. Ni kuma ka yafe mini dariyar nan.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ya sa Malam a ciki. Idan kuma akwai mai jinya a gidanku, kar ku tsaya ga tambayar jikin mai ciwo. Ku duba ƙafafun mai jinyar, in ta ce muku lafiya lau take, ku kama hannunta ku kai ta a auna.